Raddi ga Masu Cewa Nauyin Alif ne Ke Kwantar da Ruwa

Labari ya iso mana cewa wasu masu karatu a Illela suna da'awar abubuwa uku game da alif ɗin da mata ke kaɗawa cikin randa idan an ɗebo jan ruwan tabki da damina: wai nauyinsa ne ke danne laka, wai gwargwadon yawansa gwargwadon kyawun ruwa, wai kuma ruwan da ya yi garau ya kuɓuta daga kowace cuta.

Amma ta farko, da nauyi ne sababi, da tsakuwa ta fi alif aiki. Haƙiƙanin al'amari shi ne, ƙwayoyin yumɓun da ambaliyar kogin Maggiya ke kwasowa, waɗanda ido ba ya iya rarrabe su saboda ƙanƙanta, kowace tana ɗauke da cajin lantarki na ragi, kuma tun da caji iri ɗaya ba ya jituwa, sai su yi ta tunkuɗe juna, su kwana su wuni ba su sauka ba. Alif kuwa yana sakin alminiyam mai caji uku na ƙari, wanda idan ya soke nasu sai su manne curi-curi, su taru a gindin randa. Masana kimiyya Schulze a 1882, da Hardy a 1900, sun tabbatar cewa mai caji uku ya ninka mai caji ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba. Dakakkiyar ƙwayar zogale ma haka take yi.

Ta biyu ta rushe da rushewar ta farko, domin idan alif ya wuce kima, cajin yana iya juyewa ya koma na ƙari, tunkuɗar ta dawo, ruwa ya yi bauri.

Ta uku ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin rayukan yara ke cikinta. Suna kafa hujja da launi da ɗanɗano da ƙamshi, alhali kuwa waɗannan sharuɗɗan tsarki ne; a littafin Risala ma ruwan da ƙasar mazauninsa ta jirkita ya halatta a yi alwala da shi, saboda haka fuƙaha'u ba hukuncin lafiyar ciki suke yi ba. Lalle laka tana sauka da ƙwayoyin cuta masu yawa, sai dai ba duka ba. A tsiyaye na sama, a tafasa shi ko a sa masa maganin kulorin, sannan a ba yaro.