Wuƙar da Aka Miƙo: Darasi Daga Wani Shiri na Sararin Samaniya

Na san wani zai ce me kuma ya kai ni ga fim ɗin Turawa yau. A yi haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe.

Kwanakin baya na je gida Fagada, sai wani ƙanena da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya kunna mini wani shiri a kwamfutarsa bayan sallar isha'i. Star Trek ne, jerin da ake kira The Next Generation, wanda aka nuna a Amurka daga 1987 zuwa 1994. Kashin da muka kalla sunansa "Darmok", an fara nuna shi a watan Satumba na 1991. Ƙagaggen labari ne, amma tun daren nan yake yi mini kai-kawo a zuciya.

Ga yadda abin yake. Kumbon mutanen duniyarmu, ƙarƙashin Kyaftin Picard, ya haɗu da kumbon wasu halittu da ake kira Tamariyawa. Mutanen Picard suna da na'urar da ke yi musu tafinta, kuma ta fassara kowace kalma, amma aka rasa mai gane inda zancen ya dosa, domin baƙin ba sa faɗin komai sai sunayen mutane da wurare. Da shugabansu Dathon ya ga magana ta ƙi, sai ya sa aka sauke shi tare da Picard a wata duniya inda wani mugun dodo yake, ya miƙa masa wuƙa. Picard ya ɗauka gayyatar faɗa ce, ya ƙi karɓa. Ashe nufinsa su haɗa kai su tunkari dodon, kamar yadda wasu jarumai biyu na tatsuniyarsu, Darmok da Jalad, suka haɗu suna baƙin juna, suka yaƙi abokin gaba ɗaya, suka tafi suna aminai. Kafin Picard ya gama ganewa, dodon ya yi wa Dathon mummunan rauni. Yana kwance a bakin wuta, Picard ya saka masa da labarin Gilgamesh da amininsa Enkidu. Dathon ya mutu, a sama kuma kumbunan biyu sun fara harbin juna. Abin da ya tsayar da yaƙin shi ne Picard ya dawo ya yi wa Tamariyawa magana da irin salonsu.

Ƙanena ya yi ta mamakin wannan harshe, ni kuwa dariya ce ta kama ni, domin ai mu ma haka muke. Ka ce wa baƙo "gaba ta kai ni, gobarar Titi", ka fassara masa kalma bayan kalma, ka ga ko zai gane cewa riba ake nufi. Sai ya san labarin matar da ake cewa gudummawar da ta samu bayan gobara ta zarce abin da ta yi asara. Haka nan idan aka ce wane Gizo ne, wanda bai zauna gaban kaka ana tatsuniya ba zai ɗauka ƙwaro ake nufi.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan abin da muke kira jin yaren wasu bai wuce aikin waccan na'ura ba. Fataken albasa na Aliero da Jega da Maiyama sukan shekara da shekaru suna kai kaya kasuwannin kudu. Da yawa sun iya ƙirga da ciniki da Yarabanci ko buroka, amma mutum nawa ne a cikinmu ya san abin da maƙwabcinsa na rumfa ke ɗauka cin mutunci, ko abin da ke sanyaya masa rai? Su ma haka suke a kanmu. A watan Fabrairu na 2021, sa-in-sa kan kayan gwari da suka zube a gaban wani shago a kasuwar Shasha ta Ibadan ta rikiɗe ta zama rikicin da ya ci rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, har dillalan abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya kudu na wasu kwanaki. Mutanen nan sun daɗe suna jin kalmomin juna. Da rana ta ɓaci, kowa ya ga wuƙa a hannun ɗan'uwansa.

Mu da muka karanta tarihi muna da misalin da ya fi na fim nesa ba kusa ba. A hijirar Habasha, wadda ta fara wajen shekara ta 615, Ƙuraishawa sun aika wa Najjashi jakadu da kyaututtuka don ya dawo da masu hijira. Ja'afar bin Abi Ɗalib, Allah Ya ƙara masa yarda, bai ɓoye aƙidarsa ba, amma ya zaɓi ya karanta farkon Suratu Maryam, wato ƙissar da sarkin, wanda Kirista ne a lokacin, ya sani kuma yake girmamawa. Sarki ya yi kuka, ya ƙi miƙa su.

Wani zai ce ba kowace fitina ce rashin fahimta ke kawowa ba, akwai zalunci da son zuciya. Wannan gaskiya ne, kuma azzalumi hukunci ya dace da shi. Sai dai azzalumi ba ya samun mabiya cikin sauƙi sai a tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Kuma shirin bai yi mana ƙaryar cewa abin arha ne ba, tunda Dathon da ransa ya biya.

Saboda haka ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa, kafin ka mayar da martani a Facebook kan maganar wani da ba yarenku ɗaya ba, tsaya ka tambaye shi me yake nufi. Idan bautar ƙasa ko fatauci ya kai ka wata jiha, nemi dattijo ɗaya ka ce ya koya maka karin maganarsu guda uku da labarin da ke bayansu, kai ma ka ba shi naka. Idan gobara ta tashi a rumfarsa, kai ne farkon mai ɗaukar bokiti.

Allah Ya ba mu fahimta da haƙurin sauraro, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum.