Wa Ke Ƙidayar Itatuwanmu?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a shekarar 2020 masana na Jami'ar Kofanhagen, tare da hukumar NASA ta Amurka, sun ba da sanarwar da ta isa ta hana mu barci. Sun ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, yankin da littattafanmu na makaranta ke kira fako. A 2023 suka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika har Bahar Maliya, suka sami kusan biliyan 10, har da gawon Katsina da aduwar Damagaram. Ba su yi yawon jeji da alli suna shata kowace bishiya ba. Daga sama suka leƙo.

Ga yadda abin yake. Tauraron ɗan Adam yana kewaya duniya yana ɗaukar hoton ƙasa. Hotunan sun yi yawan da idon mutum ba zai iya bin su ba, ko da zai ƙare ransa a kai. Sai masani ya zauna ya zana da'ira a kan kowace bishiya cikin 'yan hotuna kaɗan, har wajen bishiya 90,000. Ya ba kwamfuta waɗannan misalai, ita kuwa ta yi ta gwadawa tana kuskure ana gyara mata, har ta lakanci siffar bishiya da inuwarta. Daga nan a sake ta cikin sauran hotunan a kan wata gagarumar kwamfuta a Jihar Ilinois. Wannan ita ce ƙirƙirarriyar basira da ake ta zuzutawa. Babu tsafi a ciki: lissafi ne, da haƙuri, da wutar lantarki.

To, ina namu masanan? Za a ce mana talauci ne. Wannan uzuri ya tsufa. Tun 1972 Landsat ke ɗaukar hoton ƙasarmu, kuma tun 2008 Amurka ta buɗe rumbun hotunan kyauta ga kowa. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana komowa kan gonar Funtuwa kusan kowane kwana 5, yana bambance fili mai faɗin mita 10, shi ma kyauta. Nijeriya kanta ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, ta mallaki NigeriaSat-1 a 2003, kuma injiniyoyinmu ne suka haɗa NigeriaSat-X da aka harba a 2011. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974. Rijiya ta bayar. Guga ne ya ƙi.

Wasu daga cikin manyanmu na ofis za su ce, "Ai tun da Turawa na yi mana, mene ne na wahala?" Amsarsu tana cikin abin da ya faru a 2025. Bayan yunwar 1984, Amurka ta kafa FEWS NET a 1985, tsarin da ke duban hotunan sama da farashin kasuwa ya yi gargaɗin yunwa tun kafin ta iso. Shekaru 40 ƙasashen Afirka da ƙungiyoyin agaji suna dogaro da shi. Da sabuwar gwamnati ta hau a Washinton, sai aka tsayar da shi na tsawon watanni, ba tare da an shawarci manomi ko ɗaya ba. An maido da shi daga baya, amma darasi ya riga ya fito: kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu, na'ura abin da aka koya mata kaɗai ta sani. Wadda aka horar da gonakin masara na Amurka, masu faɗi kamar teku, in aka kawo ta Bichi sai ta rikice. Gonarmu ƙarama ce, gero da dawa da wake duk cikin kunya guda, ga gawo tsaye a tsakiya, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi tofo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Wa zai gaya wa kwamfuta wannan in ba ɗan manomi ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In taswira ta yi ƙarya, taki da agaji su nufi inda ba a bukata, mai bukata kuwa ya kwana da yunwa.

Na uku, wanda ya riƙe mudu shi ke yanke farashi. Yau ana cinikin iskar kabon da itatuwa ke zuƙewa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 da hannunsu, ta hanyar barin tohon da ke fitowa cikin gona. Duniya ba ta gaskata ba sai da baƙi suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi. Manomi ya yi gumi, baƙo ya riƙe lissafi. A da, ɗan mulkin mallaka da sarƙar awo ya zo ya auna ƙasa kafin ya aza haraji. Shin za mu zauna jikansa ya auna ta daga sama, mu kuma muna tafi?

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'o'inmu su haɗa sassan labarin ƙasa, aikin gona, lissafi da kimiyyar kwamfuta a ɗakin bincike guda, mai wuta da intanet da ba sa yankewa. A tura ɗalibai ƙauyuka lokacin hutu su rubuta abin da ke kowace gona, da yardar masu ita, bayanan kuma su zama mallakar ƙasa. Duk baƙon da zai yi bincike a kanmu, a gindaya masa sharaɗin horar da 'ya'yanmu da barin kwafin aikinsa a nan. Ku kuma matasan ma'aikata na ma'aikatun gona da ruwa, ku daina sa hannu a kan rahoton da ba ku iya tantancewa ba.

Tafkin Cadi ya janye daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2,000 a shekarun 1980, muna zaune a bakinsa, sai daga waje aka kawo mana hotonsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibai, a tashi a koyi karatun ƙasarmu!