Ra'ayinmu: Daga Maƙera Zuwa Gadar Ƙarfe

Duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau ya ga doya da garin rogo da ake saukewa daga Binuwai, ya kamata ya tuna cewa yawancin kayan nan sai sun ƙetare babban kogi kafin su iso Kano. Gadar farko da ta haɗa gaɓoɓin kogin a Makurɗi ta ƙarfe ce, an buɗe ta a 1932, kuma kamfanin Sir William Arrol ne ya gina ta.

Shi Arrol an haife shi a Sikotilan a 1839, ɗan talakawa ne. Yana ɗan shekara tara ya shiga aikin masaƙa, daga bisani aka kai shi koyon ƙira. Da rana yana bakin maƙera, da dare yana karatun ilmin injuna. Kamfanin da ya kafa a Gilasgo shi ya gina gadar Forth da aka buɗe a 1890, shi kuma ya yi aikin ƙarfen gadar Tower ta Landan. Ya rasu a 1913, bai ga gadar Makurɗi ba, amma ya bar waɗanda suka iya.

To, ya 'yan'uwa ɗalibai, Kano ma ai ƙasar maƙera ce tun zamanin mazauna Dala. Abin takaici, yawancinmu mun ɗauki riƙe guduma ƙasƙanci, burin kowa kujera da fanka a ofis. Alhali injiniyan gada tilas ya san halin ƙarfe: yadda yake miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi, da yadda tsatsa ke cinsa in an bar shi babu fenti. Ba a koyon wannan daga allo kaɗai. Ga masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, tun 1979 aka fara ta, har yau ba ta cika alkawarinta ba. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu na fannin injiniya da su yi hutunsu a wuraren walda da filayen gini. Ƙananan ma'aikatan Ma'aikatar Ayyuka kuwa, su tsaya tsayin daka a kan kuɗin duba gadoji da shafa musu fenti, domin ran matafiyi da guzurin manomi duk a kansu suke bi.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.