Kasuwa Tana Bin Hanya: Daga Bebeji Zuwa Kwanar Dangora

A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuri'ar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Garin zango ne a wancan zamani. Ayari ya sauka, a sauke wa jakuna kaya, a kwana, a ci abinci, a yi ciniki, kuma da wannan tsayawar ce garin ya yi arziki har ya fitar da mutumin da ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Yau ayarin ya koma tirela, zangon kuma ya tashi zuwa bakin kwalta. A Kwanar Dangora, cikin ƙaramar hukumar Kiru, hanyar Jos take rabuwa da ta Zariya, ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore ta shiga Doguwa. Shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa ta nan suke fitowa, haka ma kayan lambun da ake nomawa da ruwan Tiga, madatsar da aka gina a zamanin Audu Baƙo. Mai shayi, mai faci, mai tsire, yarinya mai tallar gyaɗa, duk abincinsu yana rataye ne a kan abu ɗaya: direba ya taka birki.

A nan damuwar take. Sabunta titin Kano zuwa Zariya alheri ne, babu mai musu, amma titi mai santsi ba ya son tsayawa. Idan ba a keɓe filin ajiye motoci ba, babu rumfuna da magudanar ruwa da wurin tsallakawa, to ɗayan biyu ne: ko 'yan kasuwa su ci gaba da kasa kaya a bakin titi suna sayar da ransu, ko matafiyi ya wuce da kuɗinsa sai Kano.

Ana yawan ɗaukar gado a matsayin ganuwa da kufai, kuma lalle sun cancanci kulawa. Sai dai abin da Bebeji ta gadar wa yankin shi ne sanin yadda ake tsayar da baƙo a yi ciniki da shi. Harajin da ake karɓa a hannun masu rumfa kowace ranar kasuwa ya kamata a fara ganinsa a ƙarƙashin ƙafarsu, tun kafin damina ta mayar da wurin taɓo.