Kaset ko faifai: ƙurar hunturu ta riga ta raba gardama

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem a gari irin Diggi, cikin ƙaramar hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi, ya san wannan yanayi. Janareto na ruri, yara sun haɗa kuɗin wasa, an saka faifan ƙwallo a PlayStation 2, sai injin ya yi ta ƙugi ya ƙi karantawa. Mai shago ya zaro faifan, ya goge da gefen riga, ya mayar. Wata rana a dace, wata rana a watse haka nan, man janareto ya tafi a banza.

Kaset bai cika jawo wannan takaici ba. Injinan da aka kwaikwaya daga Famicom, wadda Nintendo ta fitar a Japan a 1983, sun shiga gidaje da yawa a Arewa, tare da kaset ɗinsu mai ruwan ɗorawa da ke alƙawarin wasanni dubbai, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. A cikin kaset babu abin da ke juyawa. Wasan yana cikin ɗan guntun lantarki, ana kunnawa ya tashi. In ya faɗi ƙasa sai a ɗauka a kakkaɓe. Cutarsa ɗaya ita ce haƙoran ƙarfen bakinsa su yi datti, yara kuma su yi ta hura masa iska, ba su san danshin baki tsatsa yake haifarwa ba.

To, me ya ba faifai galaba? Arha da girman ciki. Sony ta fito da PlayStation a Disamban 1994 da faifan CD mai ɗaukar kusan megabait 650, yayin da kaset mafi girma na Nintendo 64, wadda ta zo a 1996, ya tsaya a 64. Ganin haka kamfanin Square ya bar Nintendo, ya kai wasansa Final Fantasy VII wurin Sony a 1997 a kan faifai uku. PlayStation ta sayar da injina sama da miliyan 100, Nintendo 64 kuwa kimanin miliyan 33. A kasuwanninmu akwai wani dalilin da kowa ya sani: faifai yana kwafuwa cikin sauƙi, kwafin nan ne ya sa wasa ya zo daidai aljihun talaka.

Amma arhar ta zo da wahala. Idon da ke karanta faifai ba ya shiri da ƙura, ƙasar Gwandu kuwa, inda Diggi take, tana shafe watanni cikin hazo, sannan zafin bazara ya haura digiri 40. Faifan da ke yawo daga hannu zuwa hannu ba ya daɗewa bai karce ba, idon injin ma ya raunana. Ba mamaki masu shaguna da dama suka daina wahala, suka koma zuba wasanni a filash. Nintendo kanta, bayan ta gwada faifai a injina uku, ta dawo kan ɗan ƙaramin kati da Switch a 2017. Ga mai wasa a Diggi, kaset ne ya fi dacewa tun farko.

Abin damuwa yanzu shi ne ana neman raba mutane da duka biyun. Tun 2020 akwai samfurin PlayStation 5 da ba shi da wurin saka faifai, sai dai a sauko da wasa ta intanet. Switch 2 ta 2025 ma tana da wasu katunan da mabuɗi ne kawai a cikinsu, wasan na can a intanet. Yaron da ke iya aron kaset a maƙwabta, ko ya sayar da tsohon faifansa a Birnin Kebbi ya ƙara kuɗi ya sayi wani, yanzu ana so ya nemo datar sauke gigabait hamsin ko fiye, da wutar da za ta tsaya har a gama.