Guguwa Biyu a Teku Ɗaya: Abin da Layin Taswira Ba Ya Faɗa

A ƙarshen watan Satumba na 2025, gwamnonin jihohin Karolina ta Kudu da Karolina ta Arewa a Amurka suka ayyana dokar ta-ɓaci saboda wata guguwa da ko suna ba a raɗa mata ba tukuna. Tarin hadari ne ke taruwa kusa da Kyuba da tsibiran Bahamas, wanda daga baya ya zama guguwar Imelda. Can gabas da shi kuwa, guguwar Humberto ta riga ta ƙasaita har ta kai mataki na biyar, wato ƙololuwar ma'aunin da ake auna irin waɗannan guguwoyi da shi. Kwamfutocin hasashe suka rabu gida biyu. Wasu suka nuna Imelda za ta miƙe ta faɗa wa gaɓar Karolina da ruwa mai yawa, wasu suka nuna za ta yi kwana ta bi Humberto zuwa tsakiyar teku. Na biyun ne ya tabbata. Imelda ta yi nawa a tafiyarta, ta karkata gabas, ta ratsa ta kusa da Bermuda, a wani lokaci ma tazarar da ke tsakanin cibiyoyin guguwoyin biyu ba ta kai kilomita 800 ba.

Duk lokacin da haka ta faru sai a ji gunaguni: an tayar wa jama'a da hankali a banza, masana ba su san abin da suke yi ba. Ina ganin wannan hukunci ba adalci a cikinsa, kuma yana da haɗari, domin wanda ya yarda da shi shi ne zai yi kunnen uwar shegu da gargaɗi na gaba. Amma kare masanan bai wadatar ba. Akwai laifi a yadda ake isar da hasashen ga jama'a, akwai kuma wani giɓi a can tushen al'amarin wanda ya shafe mu kai tsaye.

Guguwar teku ba ta ɓullowa haka kawai. Tana buƙatar ruwan teku mai ɗumi da ya kai kimanin digiri 26 da rabi, kuma ɗumin ya nutsa ƙasa sosai. Tana buƙatar iska mai laima, da ɗan nisa daga layin da ya raba duniya biyu domin juyawar ƙasa ta samu damar murɗa ta, sannan kada iskar sama da ta ƙasa su saɓa da ƙarfi, don idan suka saɓa sai su karya mata gadon baya tun ba ta miƙe ba. Bayan duk wannan tana buƙatar iri, wato wani hargitsi na farko da hadari zai taru a kansa. A Tekun Atlantika, galibin wannan iri daga wajenmu yake fitowa. A lokacin damina, bambancin zafi tsakanin Sahara da ƙasashen kurmi yana haifar da wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma a tsayin kimanin kilomita uku zuwa huɗu. Wannan iska tana yin lanƙwasa kamar igiyar da aka kaɗa, kowane kwana uku zuwa biyar sai lanƙwasa ɗaya ta wuce. Tana tasowa daga wajajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya, tsaunukan Abzin da tudun Jos suna ƙara mata hadari, har ta fita teku ta Senegal da Gini. Manomin da ya ɗaga kai a watan Agusta ya ga gabas ta yi baƙi, sau da yawa ɗaya daga cikin waɗannan igiyoyi yake kallo. Kimanin sittin ne ke fita teku a shekara. Mafi yawansu suna mutuwa a hanya, busasshiyar iskar Sahara mai ƙura tana shaƙe da yawa daga ciki. Amma an ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na manyan guguwoyin Atlantika daga cikinsu suke fitowa.

Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami ita ke bin sawun waɗannan igiyoyi a kakar guguwa, wadda ke farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba. Kowane sa'o'i shida tana fitar da bayani da taswira. Wurin da take zargi sai ta sa masa launi: ruwan ɗorawa idan yiwuwar zama guguwa ba ta kai kashi 40 ba, ruwan lemo idan tana tsakanin 40 da 60, ja idan ta haura haka. Tana ba da ƙiyasi na sa'o'i 48 da na kwana bakwai. Idan abin ya ja hankali sai a ba shi lamba tsakanin 90 da 99, a fara tattara masa bayanai na musamman. Sai iskarsa ta kai kilomita 63 a sa'a yake samun suna, sai ta kai 119 ake kiransa cikakkiyar guguwa. Idan ya matso kusa da ƙasa, jiragen sama na musamman suna kutsawa cikinsa, suna sako ƙananan na'urori masu lema waɗanda ke aiko da ma'aunin iska da zafi da laima har su faɗa ruwa.

A nan ne matsala ta farko take. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hoton tauraron ɗan'adam yana iya nuna gajimare mai ban tsoro, amma muddin cibiya guda ba ta kafu ba, kwamfuta ba ta da takamaiman wurin da za ta fara lissafi daga gare shi. Idan cibiyar ta kafu kilomita ɗari arewa da inda aka zata, ko ta makara da rabin yini, sakamakon bayan kwana biyar yana iya zama wata ƙasa dabam. Shi ya sa ake sa kwamfuta ta maimaita lissafin sau da dama, kowane karo a ɗan sauya mafarin, sai a samu layuka barkatai a kan taswira. Masu neman mabiya a kafofin sada zumunta sukan zaɓi layi ɗaya mafi muni, wanda ya bi ta kan babban birni bayan kwana goma, su yaɗa shi kamar an gama magana. Wannan ɗabi'a ta fi kuskuren kowace kwamfuta ɓarna.

Idan kuma guguwa ta biyu ta shigo fili, wahalar lissafin ninkawa take yi. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Sakuhei Fujiwhara, ya yi bayani a 1921 kan yadda murɗaɗɗun ruwa biyu ke yi idan suka kusanci juna, kuma da sunansa ake kiran al'amarin har yau. Kowace guguwa iska ce mai juyawa, kuma juyawarta tana kaiwa nesa da cibiyarta. Idan biyu suka matso tsakanin kilomita 1,400 ko ƙasa da haka, iskar kowace tana fara tura ɗayar, sai su shiga zagaya wani wuri da ke tsakaninsu. A arewacin duniya zagayen yana saɓa wa tafiyar hannun agogo. Idan ƙarfinsu ɗaya ne, wurin zagayen yana tsakiya. Idan ɗaya ta fi, sai ƙaramar ta riƙa kewaya babbar, wani lokaci har ta narke a cikinta. Haka Iris ta yi a 1995: ta yi 'yar zagaye da wata Humberto ta wancan zamani, sannan ta haɗiye ƙaramar guguwar Karen. Haka Wilma ta haɗiye Alpha a 2005.

Jaridu suna son wannan labari, kuma kusan kullum suna ƙara masa gishiri, wai guguwa biyu za su haɗu su zama dodo guda. Abin da ya fi faruwa akasin haka ne. Guguwa mai ƙarfi tana fitar da iska ta samanta, wannan iska tana kaɗa kan maƙwabciyarta ta hana ta tsayawa daidai. Tana kuma dama teku, ta tono ruwan sanyi daga ƙasa, ta bar wa mai bin sawunta ruwan da ba shi da abinci. Maƙwabtaka tsakanin guguwoyi ta fi raunana su fiye da ƙarfafa su. Haɗarinta na gaskiya yana wajen alkibla. A watan Oktoba na 2009, guguwar Parma ta ratsa arewacin tsibirin Luzon a Filifins, maimakon ta wuce sai guguwar Melor da ke gabas ta riƙe ta, ta yi ta kai-kawo a yankin tana zuba ruwa kwanaki, ga shi ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga ambaliyar Ketsana ba. Ɗaruruwan mutane suka halaka, da yawa a zaftarewar ƙasa. A Afrilun 2021, guguwar Seroja ta yi zagaye da Odette a yammacin Ostiraliya, daga bisani ta sauka kusa da garin Kalbarri, can kudu da inda aka saba ganin guguwa mai irin wannan ƙarfi, a wurin da ba a gina gidaje don jure mata ba.

Ko batun Imelda, ba zan ɗora shi duka a kan zagayen Fujiwhara ba, ko da yake shi aka fi yayatawa. Akwai wani babban tudun iska mai nauyi da ke zaune a tsakiyar Atlantika, wanda guguwoyi ke bin gefensa kamar yadda ruwa ke bin gefen dutse. Humberto ta ɓula wannan tudu, ta buɗe ƙofa ta gabas. Da Imelda ta yi sauri, da ta wuce ƙofar ta isa gaɓa kafin a ja ta. Nawar da ta yi ce ta sa ta faɗa ciki. Abin da ya raba ambaliya a Karolina da wucewa salin-alin bai fi bambancin gudu na 'yan kilomitoci a sa'a ba, a jikin wani abu da kwana uku kafin nan ba shi da cibiya. Gwamnan da ya jira tabbaci a irin wannan hali, ya jira abin da ba zai zo ba sai bayan lokacin kwashe mutane ya ƙure. Kuma ko da guguwoyin ba su sauka a Amurka ba, igiyar ruwan da suka tayar ta rusa gidaje da dama a bakin teku a garin Buxton, hadarin Imelda kuma ya bar ruwa mai yawa a gabashin Kyuba.

Inda nake ganin hukumomi da 'yan jarida suna da gyara shi ne taswirar da kowa ya sani, mai siffar mazurari, wadda ke faɗaɗa daga inda guguwa take zuwa inda ake zaton za ta kai. Faɗin wannan mazurari ba daga halin guguwar da ake kallo ake samo shi ba. Daga kurakuran hasashen shekaru biyar da suka gabata ake lissafa shi, yadda cibiyar guguwa za ta kasance a ciki sau biyu cikin uku. Ma'ana, faɗinsa ɗaya ne ko guguwar mai sauƙin hasashe ce ko mai wuya. A ranar da hanyoyi biyu ne kacal, ko gaɓa ko teku, layin tsakiya yana iya nuna wurin da guguwar ba za ta taɓa bi ba. Masanan Miami sukan faɗi wannan a rubutaccen bayaninsu, kuma sun faɗa a kan Imelda, amma hoton ne ke yawo, rubutun kuwa ƙalilan ke karantawa. Kamata ya yi a irin wannan rana a ce wa mutane a fili: hanya biyu ce, ga abin da zai rarrabe su, ga ranar da za a sani. Jama'ar da ke iya fahimtar farashin hatsi da sakamakon zaɓe ba za su kasa fahimtar wannan ba. A kuma tuna cewa an ci gaba a hasashen alkibla fiye da hasashen ƙarfi. Guguwar Otis, wadda ta faɗa wa Acapulco a Meziko a Oktoban 2023, ta tashi daga matsakaiciya zuwa mataki na biyar cikin kimanin yini guda, kuma kusan babu kwamfutar da ta hango hakan.

Giɓin da na ambata tun farko yana kan ƙasarmu. Hanya mafi inganci ta sanin halin iskar sama ita ce sakin balan-balan ɗauke da na'ura sau biyu a rana. Yankin da igiyoyin nan ke tasowa yana cikin wuraren da aka fi ƙarancin yin haka a duniya, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin auna yanayi a Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. A 2006 wani babban shirin bincike kan daminar Afirka ta Yamma, mai suna AMMA, ya farfaɗo da tashoshi da dama, ya kuma nuna abin da za a iya samu idan aka zuba kuɗi, amma shirin bincike yana da ranar ƙarewa, balan-balan da iskar da ake hura masa kuwa kullum sai an saya. Tun 1990 William Gray ya nuna alaƙa tsakanin yawan ruwan damina a yammacin Sahel da yawan manyan guguwoyin da ke sauka a Amurka, don haka masu kuɗin sun san suna da ruwa da tsaki a nan.

Sai dai ba don Florida ya kamata mu damu ba. Igiyar da za ta zama guguwa bayan mako guda ita ce ke tsara ruwan da zai sauka a Zinder da Katsina da Yamai jibi. A watan Agustan 2025, igiyar da ta zama guguwar Erin ta fara kashe mutane ne da ambaliya a tsibirin São Vicente na Cape Verde, tun kafin kowa a Amurka ya damu da ita. Muna da cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET a Yamai, muna da NiMet a Abuja, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2027 a matsayin shekarar da take son kowane mutum a duniya ya kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. Ɗan majalisar da ke duba kasafin hukumar yanayi yana iya yin tambaya guda: tashoshi nawa ne a ƙasar suka saki balan-balan safe da yamma a duk tsawon daminar bara, kuma nawa ne daga cikin ma'aunan suka isa cibiyoyin hasashe a kan lokaci?