Fannie Farmer: Macen Da Ta Shigar Da Awo Cikin Madafa

A shekarar 1896 wani kamfanin buga littattafai na birnin Boston a ƙasar Amurka, mai suna Little, Brown, ya karɓi rubutun wata malamar girki ba tare da wani ɗoki ba. Masu kamfanin ba su hangi riba a cikinsa ba, saboda haka suka ce sai dai ta biya kuɗin buga kwafi 3,000 na farko daga aljihunta. Ta biya, haƙƙin mallakar littafin kuma ya zauna a hannunta. Wannan littafi, wato The Boston Cooking-School Cook Book, shi ne aka yi ta sake bugawa ana yi masa gyare-gyare har fiye da shekara 100.

Malamar kuwa ita ce Fannie Farmer, wadda aka haifa a Boston a 1857. Tana da shekara 16 ciwon shanyewar jiki ya kama ta, ya raba ta da makaranta, ta daɗe ba ta iya tafiya. Sai da ta kai kimanin shekara 30 sannan ta shiga makarantar koyon girki ta Boston, ta gama a 1889, aka naɗa ta shugabar makarantar a 1891.

Kafin zamaninta, littattafan girki sukan ce a zuba man shanu kamar girman ƙwai, ko a ɗebi gari cikin tafin hannu. Irin wannan bayani yakan wadatar da wadda ta tashi tana kallon uwarta a bakin murhu, amma ga baƙuwa ko marainiya ko amaryar da ta yi nisa da gida, lalle ba shi da wani amfani. Ba Fannie ce ta ƙago kofi da cokalin awo ba. Abin da ta yi shi ne ta nace a kan cewa in an cika cokali a shafe bakinsa da wuƙa, kada a bar shi da tsororuwa, domin abin da aka auna a Boston ya zo daidai da wanda aka auna a Chicago.

Akwai masu sukar ta da cewa ta mayar da girki lissafi, ta rage darajar gwanintar hannu da ɗanɗanon harshe. Wasu kuma sun nuna cewa awon gari da sikeli ya fi awon kofi inganci, kuma a nan suna da gaskiya. Amma masu suka na farko sun manta cewa gwanintar da ba a rubuta ta filla-filla ba, kabari ɗaya ake sa su da mai ita. Fannie ta lura da haka musamman wajen abincin majinyata, inda kuskuren awo ke iya jawo lahani. Bayan ta buɗe makarantarta ta kanta a 1902, ta wallafa littafi kan abincin marasa lafiya a 1904, har aka gayyace ta yin lacca a makarantar likitoci ta Jami'ar Harvard. Ta ci gaba da koyarwa a kan keken guragu kusan har zuwa rasuwarta a 1915.

To, darasin da ke nan bai tsaya ga madafa kaɗai ba. Duk wanda aikinsa ya haɗa da rubuta umurni domin wani ya bi, ko a ofis ko a aji, ya kamata ya tambayi kansa: shin wanda ba ya nan sa'ad da ake rubutun zai iya aiki da shi ba tare da ya nemi mai fassara ba? Idan amsar ita ce a'a, ashe akwai sauran aiki a gabansa.